Ƙananan Motoci Masu Tuƙa Kansu Da Lissafin Asarar Cunkoso

Duk mai harkar sufuri ya san cewa motar da ta maƙale a cunkoso asara take jawo wa mai ita. Mai yana ƙonewa, albashin direba yana tafiya, kaya kuma ba su isa kasuwa ba. Neman rage wannan asara ne ya sa wasu jami'o'in Turai da Amurka suka duƙufa ga binciken tuƙin haɗin gwiwa, wato motoci masu tuƙa kansu su riƙa aika wa juna saƙo ta iska, kowace tana sanar da 'yan'uwanta gudunta da inda ta dosa da lokacin da za ta taka birki. Abin lura shi ne, wani muhimmin sashe na binciken a cikin ɗaki ake gudanar da shi, da motocin da wasunsu ba su wuce takalmin mutum tsawo ba.

Dalilin haka kuwa na kuɗi ne. Filin gwajin motoci na Mcity, wanda Jami'ar Michigan ta buɗe a 2015, ya ci kimanin dalar Amurka miliyan 10. Haɗin gwiwa kuma ba ya gwaduwa da mota ɗaya ko biyu, sai an tara goma ko ashirin, an kuma bar su sun yi kuskure har sun yi karo, domin a gano inda lissafi ya karkace. Akwai hanyar kwaikwayon titi a cikin kwamfuta, wadda ta fi kowace araha, to amma a can saƙo ba ya makara, taya ba ta santsi, sai in wanda ya tsara lissafin ya tuna ya sa hakan. Ƙaramar mota tana tsakanin hanyoyin biyu. Tana da taya da batir da nauyi na gaske, in kuma ta yi karo, ɗaukar ta ake yi da hannu a mayar kan layi.

Gwajin da ya fi yin suna shi ne na Jami'ar Cambridge da ke Ingila, wanda aka gabatar da sakamakonsa a 2019 a birnin Montreal. Masu binciken, ƙarƙashin jagorancin Amanda Prorok, sun ɗauki motocin wasa 16 waɗanda aka rage girmansu sau 24, suka sa wa kowace ƙaramar kwamfuta samfurin Raspberry Pi, a kan kuɗin da bai kai dala 100 ba kowace mota. Suka sake su a zagayayyen titi mai layi biyu, sa'an nan suka tsayar da guda a layin ciki. Lokacin da kowace mota ke tuƙi don kanta, na bayan wadda ta tsaya sai suka yi jerin gwano suna jiran sarari. Da aka haɗa su, wadda ta tsaya ta ba da sanarwa nan take, motocin layin waje da ke kusa suka ɗan sassauta gudu, na ciki suka ratse suka wuce ba tare da sun tsaya ba. Yawan motocin da ke wucewa ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, ya kuma kai kashi 45 a yanayin tuƙin gaggawa.

Har ila yau, Jami'ar RWTH da ke Aachen ta Jamus tana da ɗakin gwaji mai motoci 20 da aka rage sau 18, yayin da Jami'ar Delaware ta gina ƙaramin birni mai mahaɗar tituna da shataletale.

Sai dai bai kamata ɗan kasuwa ya shigar da wannan kashi 35 cikin littafin ribarsa ba tukuna. A ɗakin gwaji, kyamarori ne a sama ke gaya wa kowace mota daidai inda take, babu ruwan sama, babu mai tsallaka titi, kuma dukkan motocin umarni guda suke bi. Motar da ba ta kai kilo ɗaya ba kusan nan take take tsayawa, tirela mai tan 30 kuwa sai ta ci tazara. An riga an ga irin wannan giɓi. A watan Afrilu na 2016 kamfanoni shida, ciki har da Volvo da Scania da Daimler, suka kai ayarin manyan motocin kaya masu bin juna ta hanyar saƙon iska zuwa Rotterdam, bisa fatan cewa kusantar juna za ta rage turjiyar iska, a sami sauƙin shan mai. A farkon 2019 Daimler ya bayyana cewa man da ake tsimi a kan titin gaske bai kai abin da aka zata ba, ya karkata jarinsa zuwa wani fannin.

Akwai kuma wata matsala wadda ta fi kusa da tattalin arziki fiye da injiniyanci. A gwajin Cambridge, motar da ta sassauta ita ce ta ɗauki ɗawainiyar, wasu suka ci amfanin. A cikin ɗaki babu mai ƙorafi, domin motocin duka na mutum ɗaya ne. A kan titi kuwa, mai motar da ya biya kuɗin na'urar zai tambayi dalilin da zai sa tasa ta ba abokin gasarsa hanya, kuma na'urar ba ta da wani amfani sosai sai motoci da yawa sun ɗauke ta, suna magana da harshe guda. A kan wannan harshen ma an daɗe ana jayayya. Amurka ta keɓe wani zangon iska don sadarwar motoci tun 1999, amma da shekaru suka wuce ba a yi amfani da shi yadda ya kamata ba, hukumar sadarwar ƙasar ta karɓe fiye da rabinsa a 2020 ta ba masu Wi-Fi, ta bar sauran ga wata sabuwar fasaha da ta samo asali daga wayar salula.