2.4 Littafin Sauraro Mai Makaranci Guda

Idan aka ce littafin sauraro, ana nufin littafin da aka karanta da baki aka ɗauki muryar a faifai ko kaset ko wata na'ura, domin a saurara maimakon a duba. An fara wannan aiki ne domin makafi. A Amurka an fitar da faya-fayan farko a shekarar 1934, a Ingila kuwa a 1935. Bayan da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963 sai abin ya yaɗu har ga masu gani, daga baya kuma ya koma intanet.

Ana iya kasa irin waɗannan littattafai gida biyu. Akwai wanda ake raba wa 'yan wasa da yawa, kowa da tauraronsa, kamar wasan kwaikwayon rediyo. Akwai kuma wanda mutum guda yake karantawa tun daga farko har ƙarshe. Wannan na biyu shi ne abin dubawa a nan.

Babban aikin makaranci guda shi ne bambanta muryoyi, ta yadda mai sauraro zai gane wanda ke magana ba tare da an faɗa masa ba. Misali, Jim Dale, wanda ya karanta littattafan Harry Potter guda bakwai domin kasuwar Amurka, ya yi amfani da muryoyi 134 a littafi na biyar kaɗai. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin kuwa tsohuwa mai tatsuniya ita kaɗai takan yi muryar Gizo da tsamin bakinsa, ta yi ta Ƙoƙi, ta kuma yi ta Kura.

Sai dai nauyin da ke kan makaranci ya wuce sauya murya. Shi ne yake tsakanin marubuci da mai sauraro, saboda haka yadda ya fahimci labari haka zai isar da shi. In ya karanta gatse kamar maganar gaskiya, to ma'ana ta juya ke nan, kuma mai sauraro ba shi da takardar da zai koma ya duba. Matsalar ta fi tsanani a Hausa, saboda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin wurin zaman jama'a, tana kuma iya nufin abin da ake tuƙa tuwo da shi. Makaranci ne zai zaɓa.

Bisa ga wannan, ana iya cewa makaranci guda mai fassara ne, ba mai furta kalmomi kawai ba. Ga makaho da wanda bai iya karatu ba, muryarsa ita ce littafin. A sashe na gaba za a duba yadda ake shirya makaranci kafin ɗaukar murya.