Tofa Yawu Ba Ya Auna Zafin Injin Babur

Daga Daura zuwa Baure, daga Sandamu da Zango har Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, babur ne ke shiga inda mota ke jin tsoro. Boxer ko Jincheng zai ɗauki mutum biyu da buhun gero ya keta rairayi zuwa kasuwar Mai'adua, a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40. Shi ya sa zancen zafin injin ba ya ƙarewa a bakin 'yan acaɓa da makanikai. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuwa sun sa mutane asarar fistin da bawul. Abin da ya haɗa kurakuran wuri guda shi ne ana yanke hukunci da abin da fata ta ji, alhali fatar ɗan Adam ba ta da ikon auna irin wannan zafi.

Mu fara da gwajin da kowa ya sani: a tofa yawu ko a yayyafa ruwa a kan injin, in ya yi cuu a ce injin ya ɗau zafi fiye da kima. Ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 100 na ma'aunin Selshiyas. Kan injin babur da iska ke sanyaya shi kuwa, wajen gindin fulogi, yakan yi aikinsa lafiya ƙalau da zafin da ya wuce digiri 150. Ke nan yawu zai ƙone a kan lafiyayyen injin, zai kuma ƙone a kan wanda ke dab da bugawa, ƙarar duk ɗaya ce. Hannu ya fi haka rauni, domin ƙarfen da ya kai digiri 60 kacal ya isa ya ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Daga nan zuwa sama, hannu ba ya bambanta 80 da 200.

Magana ta biyu ita ce ta fi damuna, saboda tana da kama da hankali. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu babura da yawa ke zuwa a matse musu kafireta domin rage shan fetur, kuma ana cewa tunda man ya ragu, wutar da ke ci a ciki ta ragu, injin zai fi sanyi. Akasin haka ne. Fetur na ƙonewa sarai idan ya haɗu da iskar da ta ninka shi nauyi kusan sau 14.7, kuma a kusa da wannan haɗin ne wutar ke kaiwa ƙololuwar zafi. Da gangan kamfanoni ke barin ɗan rarar mai lokacin da injin ke jan kaya, domin wannan rarar tana kwashe zafi yayin da take zama tururi. Wanda ya matse kafireta ya cire wannan kariyar. Yana tsimin 'yan nairori a gidan mai, bawul ɗin hayaƙi da kan fistin suna gasuwa a hankali. Fulogi ba ya ɓoye wannan: in aka kwance shi bayan doguwar tafiya aka ga bakinsa fari fat, mai ya yi kaɗan, in ruwan ƙasa ne, haɗin ya daidaita, in baƙi ne da kunkunniya, man ya yi yawa ko soson tace iska ya toshe da ƙurar hunturu.

Akwai inda 'yan acaɓa suka yi gaskiya. Rairayi na dafa injin, ba shakka. Babur na kuka a giya ɗaya ko biyu, yana ƙona mai sosai, amma tafiyar ba ta da saurin da zai kawo iskar da za ta bi ta cikin layukan ƙarfen da suka fito a jikin injin kamar haƙarƙari. In taɓon damina ko baƙin mai haɗe da ƙura ya cike tsakaninsu, abin ya ƙara muni. Hutar da babur ma daidai ne, da sharaɗin a kashe shi; barinsa yana aiki a tsaye ba hutu ba ne, tunda babu iska. Sheƙa masa ruwan sanyi kuwa ganganci ne: alminiyam ɗin waje zai tsuke nan take alhali ciki na nan a buɗe da zafi, kuma ta haka kan injin ke lanƙwashewa ko ya tsage, gaskit ya fara yoyo.

To da me za a auna? Tun annobar korona ta 2020 mutane suka saba da na'urar da ake saita wa goshi, har wasu ke zaton za ta yi aiki a injin. Ta goshi an yi ta ne don zafin jiki, ba ta wuce digiri 43 ko kusa da haka. Akwai 'yar'uwarta ta masu gyara wadda ke karanta ɗaruruwan digiri, amma ita ma tana da tarko. Hasken zafin da ke fitowa daga jikin abu take karantawa, ƙarfe mai sheƙi kuwa ba ya fitar da shi sosai, don haka salansa mai walƙiya ko gogaggen alminiyam zai nuna lamba ƙasa da gaskiya nesa ba kusa ba. Maganinsa a zaɓi wuri guda kusa da fulogi, a shafa ɗigon baƙin fenti mai jure zafi, a matso da na'urar kusa, a riƙa auna nan kullum. Lokaci ma yana da tasiri, domin da zarar an tsaya, iska ta yanke, zafin ciki na fitowa waje, lambar ta ɗan ƙara hawa kafin ta sauka. Wanda ya fi duka inganci shi ne zoben waya da ake sakawa ƙarƙashin fulogi, mai nuna zafi ana cikin tafiya.

Tsohon makanike zai ce ya shekara talatin yana gyara babu na'ura, kunnensa da hancinsa sun ishe shi. Ba na raina wannan ilimi. Ƙarar ƙas-ƙas da injin ke yi a kan tudu, warin baƙin mai da ya ƙone, raguwar ƙarfi, duk alamu ne na gaskiya. Sai dai suna zuwa ne bayan ɓarna ta fara, na'ura kuwa tana nuna bambanci tun a ranar da aka taɓa kafireta: a auna kafin gyara, a bi hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, a sake aunawa. Batun tsada kuma, ba kowane mai babur ne zai saya ba. Guda ɗaya ta ishi rumfar gyara, ko ƙungiyar 'yan acaɓa ta tasha guda, kuma garin Daura da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri bai kamata ya rasa masu koya wa yaran gareji yadda ake riƙe ta ba.