Mayar da Iskar Gas Cikin Rijiyar Mai

Ɗanyen mai yana kwance ne cikin ƙananan kafofin dutse a ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙarfin iskar gas da ke tare da shi kan taimaka wajen tunkuɗo shi sama. In an daɗe ana ɗiba sai ƙarfin ya ragu, rijiya ta ja baya, alhali kuwa akasarin man yana ƙasa. Maganin wannan shi ne a raba gas ɗin da mai, a matse shi da manyan injuna, a mayar da shi ta wata rijiyar, don ya ci gaba da koro man.

Sai dai injunan nan da bututunsu suna cin kuɗi ƙwarai. A 1979 Nijeriya ta kafa dokar mayar da gas, wadda ta hana ƙona shi daga 1984 in ba da izinin minista ba. Amma tarar da aka yanka a 1985 kwabo 2 ce kacal kan kowace ƙafa 1,000 ta ma'aunin gas. Da kamfanoni suka ga tara ta fi injuna araha, sai suka zaɓi biyanta, wuta ta ci gaba da ci a yankin Neja Delta.