Sassaƙar Ƙarfe Da Roba: Sana'ar Da Ribarta Ke Cikin Awo

Duk mai masana'anta a ƙasar nan, ko na casar shinkafa ne ko na matse man gyaɗa ko na buga buhunan roba, ya san irin asarar da kan biyo bayan karyewar wani ɗan ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba. Inji ya tsaya cik, ma'aikata su zauna ana biyansu albashi, kuɗin ruwan banki kuwa yana ta hauhawa. An ji wannan ciwo sosai bayan watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake saye a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, kuma kayan gyaran da ake odarsu daga Turai da Asiya suka bi sahu.

Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da dama suka koma ga masu sassaƙa ƙarfe na gida a Legas da Newi da Aba da Fatakwal da kasuwar Panteka ta Kaduna. Shawara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi guda: abin da ake saye a wurin mai sassaƙa shi ne daidaiton awo. Ƙarfen kansa shi ne mafi araha a cikin cinikin.

A wannan sana'a ba a magana da inci ko santimita. Ana magana ne da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum kan kai kimanin maikuron 70. To, sandar inji mai kaurin milimita 50 wadda za a zura wa boris, bisa ƙa'idar da aka saba bi a duniya, ba a yarda kaurinta ya yi sama ko ƙasa fiye da tazarar maikuron 16 ba. Idan ta yi siriri, boris zai riƙa lilo a kanta har ya cinye ta. Idan ta yi kauri, a tura shi da ƙarfin tsiya, ya yi zafi ya ƙone cikin 'yan kwanaki. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma inji yana jinsa, aljihun mai masana'anta ma haka.

Injunan da ke wannan aiki iri biyu ne manya. Akwai wanda ke juya ƙarfen yayin da wuƙa ke feƙe shi, da shi ake yin sanduna da kusoshi masu zare da duk wani abu mai siffar gora. Akwai kuma wanda wuƙar ce ke juyawa, ƙarfen yana ɗaure a kan teburi, da shi ake fitar da haƙoran giya da ramuka da shimfiɗaɗɗun fuskoki. A shekarar 1952 ne aka nuna inji na farko da ke bin umarnin lambobi a jami'ar MIT da ke Amurka, daga nan aka samu injunan da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda ake kira CNC. Fa'idarsu ita ce maimaici: abu na ɗari biyar zai fito daidai da na farko.

Sai dai inji komai tsadarsa ba ya maye gurbin sanin halin abin da ake yankawa, domin kowane ƙarfe da nasa hali. Baƙin ƙarfe marar tauri yana da sauƙin kai, yana karɓar yanka ba gardama. Ƙarfen zubi, wanda ake yin gangar jikin injuna da shi, garinsa ne ke zuba maimakon dogon tsiri, kuma galibi a bushe ake sassaƙa shi. Tagulla ita ce abar son kowane ma'aikaci saboda laushin yankanta. Alminiyam bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe ba, ana kuma iya yankansa da gudu sosai, amma yana da ɗabi'ar mannewa a bakin wuƙa ya ɓata fuskar aiki. Mafi wahala a cikin waɗanda aka saba da su shi ne ƙarfen nan marar tsatsa da masu sarrafa abinci da magunguna ke bukata. Ba ya sakin zafi da wuri, kuma idan wuƙa ta dakushe ta riƙa gogarsa maimakon yanka, fuskarsa sai ta ƙara tauri. Don haka idan mai sassaƙa ya nemi ƙarin kuɗi a kansa, ba zalunci ba ne: lokaci da wuƙaƙe yake ci.

Roba kuma wata duniya ce daban. Ba robar bokiti da kujera ake nufi ba, a'a, nau'o'in da injiniyoyi ke yin giya da zobba da tayoyin jan kaya da su, irin su nailan da asital da Teflon. Amfaninsu shi ne ba sa tsatsa, ba su da nauyi, ba su da ƙara, wasunsu ma ba sa bukatar mai. Amma zafin yanka kan narkar da su, matsin ɗauri kuma kan lanƙwasa su, ta yadda abin da aka auna daidai a kan inji zai sauya da zarar an kwance shi. Nailan yana tsotsar laima daga iska ya kumbura, abin da ya kamata mai masana'anta a Legas ko Kalaba ya yi la'akari da shi fiye da na yankin da iska ke bushe. Asital ya fi shi riƙe awo, shi ya sa aka fi zaɓensa inda ake son daidaito.

Rukuni na uku shi ne haɗaɗɗun kaya, wato zaren gilashi ko zaren kabon da aka dama da danƙo ya daskare. Da zaren gilashi ake yin jiragen ruwa masu gudu na yankin Neja Delta da tankuna da bututu, jirgin sama samfurin Boeing 787 kuwa kimanin rabin nauyin gangar jikinsa haɗaɗɗun kaya ne. Waɗannan ba sa yankuwa kamar ƙarfe. Zarensu yana cin wuƙa kamar dutsen wasa, har sai an nemi mai bakin lu'ulu'u, kuma idan aka huda su da gaggawa sai shimfiɗunsu su ɓaɓɓare ta ciki inda ba a gani. Ƙurarsu tana cutar da huhu, ta kabon ma tana ɗaukar lantarki, tana iya ƙona kayan wutar inji.

Akwai wani abokin gaba da ba a cika kula da shi ba, shi ne zafin rana. Ƙa'idar duniya ita ce a yi awo a ma'aunin zafi 20. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya kan ƙaru da kimanin maikuron 12 a kowane digiri, alminiyam kuwa kimanin 23, nailan ya ninka haka sau da yawa. Ke nan alminiyam mai faɗin milimita 100 da aka auna a shagon da zafinsa ya kai 35 ya riga ya buɗe da kusan maikuron 35. Shagon da ba shi da ɗakin awo mai sanyi, ko aƙalla ma'aikacin da ya san wannan lissafi, bai dace a ba shi aiki mai tsanani ba.

Ba yau Nijeriya ta fara tunanin wannan fanni ba. An kafa masana'antar kayan tsaro ta Kaduna a 1964, aka kafa kamfanin ƙera injuna na Oshogbo a 1980 tare da haɗin gwiwar kamfanin HMT na Indiya, sannan hukumar NASENI a 1992. 'Yan kasuwar Newi kuwa, waɗanda suka fara da shigo da kayan gyaran motoci, sun koma ƙera su tun cikin shekarun 1980 da injunan da suka sayo daga Taiwan. Dokar fifita kayan gida a harkar mai da gas ta 2010 ta ƙara buɗe kasuwa ga masu fitar da zaren bututu a yankin Fatakwal. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗanyen kaya. Katafaren kamfanin Ajakuta da aka soma ginawa da taimakon Tarayyar Sobiyet bai taɓa narka tama a babbar tanderunsa ba, kamfanin alminiyam na Ikot Abasi da ya fara aiki a 1997 ya tsaya a 1999, kuma bai sake miƙewa sosai ba. Sakamakon haka ƙananan shaguna da yawa suna dogara ne da tsofaffin ƙarafan da aka ciro daga matattun motoci da injuna, waɗanda ba wanda ya san ainihin nau'insu. Ga kuma matsalar wutar lantarki, wadda ɗaukewarta a tsakiyar yanka kan lalata aiki da wuƙa gaba ɗaya.

Me ya rage wa ɗan kasuwa ke nan? Da farko, kada ya wadatu da kai tsohon ƙarfe ya ce a yi masa irinsa, domin wanda ya riga ya cinye ba ya nuna awonsa na asali. Ya nemi zane mai ɗauke da awo da iyakar kuskuren da aka yarda da shi. Ya tambayi nau'in ƙarfen da inda aka samo shi, ya kuma sa a auna aikin a gabansa. Bugu da ƙari, kada ya nemi tsananin daidaito inda ba a bukatarsa, saboda duk lokacin da aka matse tazarar awo, farashi tashi yake yi. Sannan ya tuna cewa shirya inji ne ke cin kuɗi, don haka yin guda ashirin a lokaci ɗaya ya fi yin ɗaya-ɗaya sauƙi ƙwarai. Masu masana'antu iri ɗaya za su iya haɗa odarsu su ci wannan moriya.

Ga masu neman inda za su zuba jari kuma, ƙofa a buɗe take, muddin za su kashe kuɗi a kan kayan awo da horar da matasa kamar yadda za su kashe a kan injin kansa. Shagon da abokan ciniki suka tabbatar cewa aikinsa yana shiga gurbinsa tun karon farko, ba zai rasa masu layi a ƙofarsa ba.