Idan Ka Bar Burodi, Me Ka Sa a Gurbinsa?

Duk wanda ya taɓa furta cewa yana son rage teɓa ya san shawarar da ake fara ba shi. Kafin ya rufe baki wani zai ce, "Ka bar burodi." Yaya tana faɗa wa ƙanwarta haka bayan an yi arba'in ɗin haihuwa, abokin aiki yana faɗa wa wanda tumbi ya fara hana shi sunkuyawa, saƙonnin da ke yawo a waya ma kusan duk da burodi suke farawa. Shawarar ta yi farin jini saboda saurin da take nuna sakamako. Mutum ya bar burodi, ya rage shinkafa da taliya, bayan mako guda ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ko biyu sun zube, sai ya sakankance cewa dama can burodin ne matsalarsa.

Mafi yawan abin da ya zube a wannan makon ruwa ne. Jiki yana adana wani kaso na sitacin da muka ci a hanta da tsoka, a siffar sinadarin da ake kira gilaikojin, kamar yadda magidanci ke zuba hatsi a rumbu don ranar buƙata. Babban mutum na iya riƙe kusan rabin kilo na wannan ajiya, kuma kowane giram ɗaya yana tafe da ruwa kimanin giram uku. Idan sitaci ya yi ƙaranci a abinci, jiki ya ci ajiyar, ruwan kuma ya fita ta fitsari. Kitse ɗan kaɗan ne ya taɓu. Ran da aka koma cin burodi ko tuwo yadda aka saba, ajiyar ta dawo da ruwanta, sikeli ya koma gidan jiya. A nan mutane da yawa suke karaya, su ce jikinsu ba ya jin magani, alhali aikin ma ba a kai ga fara shi ba.

Maganar barin burodi ta daɗe a duniya. A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya wallafa ɗan littafi kan yadda ya sauke ƙibarsa, kuma burodi na cikin abubuwan da likitansa ya hana shi. A 1972 likita Robert Atkins ya sake tayar da batun gudun sitaci a Amurka, yau kuma ga masu tsarin keto, su ma masu gudun sitaci ne. Abin da ake mantawa shi ne, tare da burodin Banting ya bar bota da madara da suga da giya da dankalin Turawa. Burodi dai shi ya fi yin suna a cikin jerin.

Duk da haka, farin burodin da muke saya yana da laifinsa na gaskiya, kuma daga injin fulawa laifin ya faro. Ƙwayar alkama tana da dusa a waje, da ɗan idon da tsiro ke fitowa daga cikinsa, da farin gari a ciki. Kamfanin fulawa yana fitar da dusar da idon, ya bar farin garin, saboda ya fi laushi kuma ya fi jure ajiya. Tare da dusar ake rabuwa da mafi yawan faiba, wato ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa, wanda ke rage saurin narkewar sauran. Abin da ya rage an niƙe shi lilis, yis ya kumbura shi ya cika shi da ƙofofi, ga suga da mai da gidajen burodinmu ke ƙarawa don ya yi zaƙi da taushi. Irin wannan ba ya ba ciki wani aiki. Tun a baki yake fara narkewa. Ka daɗe kana tauna loma ɗaya za ka ji zaƙinta yana ƙaruwa, domin yawu ya fara mayar da sitacin suga.

A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fito da ma'aunin da ke nuna saurin da abinci ke ɗaga sugan jini. An ba gulukos zalla maki 100. Farin burodi yana samun kimanin 75, sugan da muke zubawa a shayi kuwa kimanin 65, yawancin nau'o'in wake ba sa kai 50. Idan suga ya hau da sauri, jiki ya saki insulin da yawa don ya kwashe shi daga jini, ga mutane da dama kuma yunwa kan dawo tun hantsi bai gama dubawa ba.

Ni a ganina batun ƙoshi ya ma fi batun suga muhimmanci ga mai neman rage ƙiba. A 1995 Susanna Holt da tawagarta a Jami'ar Sidni ta Ostireliya suka ba mutane abinci iri 38, kowanne an auna shi daidai kalori 240, sannan suka bi diddigin yadda suke jin cikinsu har tsawon awa biyu. Farin burodi suka ɗauka a matsayin ma'auni, suka ba shi 100. Ƙwai ya samu 150, wake 168, kifi 225, dafaffen dankalin Turawa ya kai 323. Wato da kalori iri ɗaya, dankalin ya riƙe ciki fiye da ninki uku na burodi. Wannan ya dace da abin da kowa ya sani a aikace. Ka kama burodi mai zafi ka matse shi a tafin hannu, rabin sunƙi zai koma ɗan dunƙule. Giram 100 na farin burodi yana ɗauke da kalori kimanin 265, ninki biyu na dafaffiyar shinkafa mai nauyi ɗaya da shi, ga shi kuma yana wucewa maƙogwaro ba tare da an ji an ci wani abu ba.

Sai kuma 'yan rakiyarsa, domin ba kasafai ake cin burodi gayansa ba. Ka tsaya a teburin mai shayi da safe ka kalli hannunsa. "Alhaji, haɗin kauri za a yi?" Kafin a amsa ya zuba suga babban cokali biyu ko uku, ya tuttula madarar gwangwani, ya ƙara Milo, ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayin daga wannan zuwa wancan har ya yi kumfa. Ya tsaga burodin ta tsakiya ya lafta masa bota ko Bama. Ya zuba mai a kasko ba awo, ya fasa ƙwai biyu da albasa da attaruhu, in ya kwashe sai ya danna burodin a kaskon ya tsotse ragowar man. Yanzu mu yi lissafi. Burodi giram 200 ya haura kalori 500. Kowane babban cokali na suga kusan 50 ne, kowane babban cokali na mai kusan 120, ƙwai biyu kimanin 150, ba a sa madara da bota ba. Karin kumallon nan ya zarce kalori 1,000 cikin sauƙi, kusan rabin abin da babban mutum ke buƙata a yini guda. Wanda ya bar burodi yakan bar wannan teburin gaba ɗaya, ya rabu da sugan da botar da man a lokaci guda, in ya rame kuma a ce barin burodi ne ya yi aiki.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin abin da ake sawa a gurbinsa. Wata za ta ce ta yi wata biyu rabonta da burodi, amma da safe Indomie take dafawa, wadda fulawa ce da aka riga aka soya a mai tun daga kamfani. Wani ya koma fanke ko cincin, wani gurasa da mai da ƙuli-ƙuli, wani funkaso ko alkubus na farar fulawa, da dare kuma malmalar tuwon semo biyu, shi ma daga farin cikin alkama aka yi shi. Duk waɗannan 'yan gida ɗaya ne da burodi, wasunsu ma sun fi shi mai. Haka wanda ya koma koko ko kunu ya cika masa suga, ko ya riƙa kora yunwar hantsi da lemon kwalba. Irin wannan mutum yana shan wahalar haƙuri da abin da ransa ke so, kuma ba ya samun ladan wahalar. Wannan ne ke damuna, domin daga nan ake faɗawa hannun masu sayar da shayin rage tumbi da ƙwayoyin da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Akwai binciken da ya kamata duk mai wannan niyya ya sani. Christopher Gardner na Jami'ar Stanford a Amurka ya raba manya 609 masu ƙiba gida biyu, aka bi su shekara guda, aka wallafa sakamakon a 2018. Kashi ɗaya suka rage sitaci, ɗaya kashin suka rage mai. A ƙarshen shekara masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage mai kimanin kilo 5.3, bambancin da masu binciken ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A kowane ɓangare an samu waɗanda suka sauke da yawa, an samu waɗanda suka ƙara nauyi. Amma akwai umarnin da aka ba kowa da kowa: a yawaita ganye, a rage suga da farar fulawa, a ci abincin da ba a sarrafa shi sosai ba, a dafa a gida gwargwadon hali. Abin da na fahimta daga nan shi ne, rage farin burodi yana da amfani, sai dai amfaninsa yana tafiya ne da sauran abin da ke cikin kwanon, da kuma ko mutum zai iya ɗorewa a kai har shekara ta zagayo.

Saboda haka ban cika goyon bayan rantsuwar "ni da burodi har abada" ba. Wanda ya tashi da shayi da burodi tun yana firamare, a gidan da yara ke ci kullum a gabansa, da wuya ya cika wannan alkawari, kuma ran da ya karya shi yakan yi watsi da komai. Ya fi sauƙi a yanka abin da za a ci a mayar da sauran cikin leda tun kafin a zauna, a bar shi yanka biyu, a haɗa da dafaffen ƙwai ko wake, a rage sugan shayin sannu a hankali har harshe ya saba. A wasu ranakun kuma a ba burodin hutu. Ba sai an nemi abincin Turawa ba: ga alale, ga wake da alayyahu, ga kwaɗon zogale ko na rama, ga dafaffen dankali, ga faten acha da ganye, ga nono ba suga. Ƙosai ma ya fi burodi riƙe ciki, illa dai a tuna a mai aka tsamo shi. Na san waɗannan suna cin lokaci da gawayi ko gas, burodi kuwa sai dai a kwance leda, kuma wannan ne dalilin da ya sa ya mamaye safiyar birane. Dafa waken tun da dare yana rage rabin wahalar.

Game da burodi mai ruwan ƙasa da ake sayarwa a matsayin na masu ciwon suga, a yi hattara. Launi ba hujja ba ne, domin ana iya rina farar fulawa ta yi duhu. Na cikakkiyar alkama yakan yi nauyi a hannu, ba ya matsuwa kamar auduga, kuma garin alkama mai dusa ne ke zuwa farko a jerin kayan haɗinsa. Ko na gaskiyar ma kalorinsa bai yi nisa da na fari ba, kuma idan an niƙa garin ya yi laushi sosai, yana ɗaga suga kusan daidai da farin. Fifikonsa yana wajen faiba da ƙoshi. A gwajin Sidni ya samu 157. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a yini. Gargaɗin da aka yi kan burodi mai ruwan ƙasa ya shafi tuwon alkama da na acha da ake yawan ba masu ciwon suga a gidajenmu, ana cika musu kwano da tunanin magani ne. Su ma sitaci ne, girman malmalar yana da muhimmanci. Mai hawan jini kuma ya sani cewa burodi giram 100 kan ɗauki gishiri kimanin giram ɗaya ko fiye, alhali abin da hukumar ta ba da shawara bai kai giram 5 a yini ba.

Ba kowa wannan magana ta shafa ba. Birkila da ɗan dako da ɗan ga-ruwa suna ƙone abin da suka ci kafin azahar, burodi a wurinsu ƙarfi ne mai araha, kuma tun 2002 doka ta wajabta a ƙara wa fulawar Najeriya bitamin A. Wanda zai yini a kan kujerar ofis ko a shago ko a cikin adaidaita sahu, shi ne karin kumallon birkila zai taru masa a ciki. Batun sinadarin buromet da hukumar NAFDAC ta haramta sawa a burodi wata matsala ce daban, ta lafiyar abinci, ba ta da alaƙa da ƙiba. Haka ma gudun gulutin, furotin ɗin da ke cikin alkama: wajibi ne ga masu cutar siliyak, kimanin mutum ɗaya cikin ɗari, amma ba hanyar rage nauyi ba ce ga sauran jama'a.

Akwai waɗanda yanke sitaci farat ɗaya zai iya jefa su cikin haɗari. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, ko yake shan ƙwaya irin gilibenkilamaid, an auna masa maganin ne daidai da abincin da ya saba ci. Idan ya wayi gari ya bar burodi da tuwo ya ci gaba da shan maganin yadda yake, sugansa na iya faɗuwa ƙasa sosai. Alamunsa rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, bugun zuciya da rikicewar tunani, kuma yana iya kaiwa ga suma. Irin wannan mutum ya fara zuwa wurin likitansa a daidaita maganin kafin ya taɓa abincin, ya kuma riƙa yawo da ɗan suga ko dabino a aljihu. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su tambayi ma'aikatan asibiti a ranar awo ko ranar rigakafi kafin su rage wani abu daga abincinsu.