Ko Taura Biyu Za Ta Taunu? Labarin Maganaɗisu Da Semikondakta

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To, a wannan fitowa mun kawo muku labarin waɗansu masana da suka shekara wajen talatin suna ƙoƙarin tauna ta.

Kowace kwamfuta, har da wayar da ke aljihunmu, tana yin ayyuka biyu ne: lissafi da ajiya. Lissafi aikin semikondakta ne, wato abu irin silikon wanda yakan bar wutar lantarki ta wuce ko ya tare ta, gwargwadon yadda aka umurce shi. Amma yana da mantuwa. Wanda wuta ta taɓa ɗauke masa yana tsakiyar rubutu a kwamfuta, bai ajiye ba, ya san wannan baƙin ciki. Maganaɗisu kuwa ba ya mantuwa. Kaset ɗin da muka naɗa shekaru da dama, yau in muka sa shi a rakoda sai ya rera, domin da maganaɗisu aka rubuta muryar. Shi ya sa masana suka ce, ina ma a sami abu guda mai yin lissafi ya kuma riƙe ajiya. Da an same shi, da na'ura ta rage cin batir, ta rage zafi.

A shekarar 1996 Hideo Ohno na Jami'ar Tohoku a Japan, shi da abokan aikinsa, suka cusa ɗan manganis cikin wani semikondakta da ake haɗawa da galiyam da asenik. Sai ga shi ya zama maganaɗisu. Amma da sauran rina a kaba, gama ba ya riƙe wannan hali sai cikin matsanancin sanyi. A 1998 iyakarsa wajen digiri 163 ne ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas. Bayan shekaru ana gyara, da ƙyar aka kai wajen digiri 73 ƙasa da sifiri. Wa zai sayi wayar da ba ta aiki sai a sanyin da ya fi na firji nesa ba kusa ba?

A shekarar 2000 Tomasz Dietl, mutumin Folan, tare da Ohno da waɗansu, suka yi lissafi cewa in aka sa manganis kimanin kashi 5 cikin 100 a waɗansu sinadarai biyu, ɗaya na zinki da iskar oksijin, ɗaya na galiyam da naitirojin, za su iya riƙe maganaɗisu a zafin ɗaki. Nan fa aka shiga rige-rige, rahotanni suka yi ta fitowa, kowa yana cewa ya samu.

Sai a lura da abin da ya biyo baya. A 2005 masu bincike na kamfanin IBM a Amurka suka gwada wani sinadarin hafniyam da aka ce an ga maganaɗisu a jikinsa. Ba su ga kome ba. Amma da suka ɗauke shi da matsefata ta ƙarfe, irin wadda muke cire ƙaya da ita, sai alamar ta bayyana. Ashe ɗan burbushin ƙarfen da matsefatar ta bari ya isa ya ruɗi na'urar awo. A waɗansu gwaje-gwajen kuma an tarar ƙarfen da aka zuba bai bazu ba, ya dunƙule ne wuri guda kamar gudajin tuwon da ba a tuƙa da kyau ba.

A nan ne masanan haɗa sinadarai suka shigo. Su a cikin kwalba suke dafa ƙwayoyinsu, ƙanana ƙwarai, masu faɗin nanomita 2 zuwa 10. Nanomita ɗaya kuwa, sai an raba mita gida biliyan guda a ɗauki ɗaya. Kaurin gashin kai ya kai nanomita dubu hamsin ko fiye. Moungi Bawendi ne ya kyautata hanyar dafa su a 1993, aka kuwa ba shi kyautar Nobel a 2023 tare da Louis Brus da Aleksey Yekimov. Wahalar ita ce, ƙaramar ƙwaya takan tura baƙon ƙarfe waje, sai an yi dabara kafin ya zauna a ciki. A 2009 Daniel Gamelin da ɗalibansa a Jami'ar Washintan ta birnin Siyatil suka nuna cewa in aka haska ƙwayoyin da aka sa wa manganis, sukan zama maganaɗisu na ɗan ƙiftawar ido, har a zafin ɗaki ana ganin alamarsa. Amma da hasken ya gushe, shi ma sai ya gushe.

Ke nan har yau taurar ba ta taunu ba. Akwai ma'ajiyar maganaɗisu a kasuwa tun 2006, amma da ƙarafa ake yin ta, ba da irin semikondaktan da ake nema ba.

Abin da muke so mu riƙe shi ne, waɗanda suka ce "mun duba, babu" sun taimaki wannan aiki kamar waɗanda suka ce "mun samu". Ba don su ba, da an yi ta zuba kuɗi da shekaru a kan burbushin matsefata. Yaranmu masu karatun kimiyya a sakandare da jami'a, in awo ya ba ku amsar da kuke so, ku sake aunawa kafin ku yi shela, ku kuma duba abin da kuka riƙe kayan da shi.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba.