Ko Ka San Wayarka Na Iya Ƙin Manhajar da Ka Rubuta da Hannunka?

Idan ka rubuta manhaja ka ɗora a iPhone ɗinka ba ka yi rajistar kuɗi da Apple ba, kwana 7 kacal za ta yi tana buɗewa. Daga nan sai ka sake jona wayar da kwamfuta a sabunta mata izini. Wanda bai iya wannan jeka-ka-dawo ba, sai ya riƙa biyan dala 99 duk shekara. Wayar kuwa da guminka ka saya.

Ba don mugunta aka yi haka ba. Tsarin wayar zamani yana killace kowace manhaja kamar ɗan haya a ɗakinsa, ba ta leƙa kayan maƙwabciyarta sai da izini. Wannan ne ke hana manhajar damfara shiga manhajar bankinka.

Sai dai ƙofar da aka toshe wa ɓarawo, ta nan mai koyo yake shiga. Dubi abin da ya sami Termux, manhajar kyauta da ke ba mutum damar rubuta Python da makamantansa a wayar Android. Da Android 10 ta fito a 2019, ta zo da doka: manhajar da aka gina bisa sabon tsarin ba za ta kunna wani shiri da ta sauko da shi cikin ma'ajiyarta ba. To Termux ai aikinta ke nan kaf! Masu ita suka tsaya a tsohon tsari, Play Store kuma ba ya karɓar sabuntawa sai a sabo. A 2020 sabuntawar ta tsaya a can, jama'a suka koma ɗaukarta a wata kasuwar manhajoji mai suna F-Droid.

Wanda yake da kwamfuta ko a jikinsa. Ɗalibin Kano ko Maraɗi da waya ce kaɗai abin koyonsa, shi ne ke ji a jika, kuma a ganina ba a cika tunawa da shi ba wajen tsara waɗannan dokoki.

A Agustan 2025 Google ya sanar cewa masu rubuta manhajar Android sai an tantance ko su wane ne, ko da ba ta Play Store za su raba ta ba, za a kuma fara da Brazil, Indonesiya, Singafo da Tailan. Kamfanin ya kuma ce ɗalibai da masu yi don sha'awa za su sami asusu na daban, amma wayoyi ƙalilan za su iya ɗora wa manhajarsu.